Wuƙar maƙeri ko ta kamfani mai tsada: yadda zaka zaɓi ƙarfen da ya dace da aikinka a Legas

Duk shekara in layya ta matso sai wayata ta cika da hotunan wuƙaƙe, wannan ya turo yace ɗan'uwa duba min wannan an rubuta sunan ƙarfe D2 a jikinta, wancan yace shi an faɗa masa M390 ce ƙarshen zance ya haɗa kuɗi ya saya ne ko ya haƙura, wani kuma yace duk surutu ne babu kamar ta maƙeri. Dalili an san ni da son wuƙa. A gidan fawa na tashi a Agege, mahaifinmu ya shafe shekaru yana sana'a a kwatar Oko-Oba, ni kuma duk da hanyar abincina ta zama daban son abin bai sake ni ba, na saya na yi amfani na wasa na sake saya, tun daga ta maƙeri har wadda sai da aka ɗauko min daga waje. Toh shine nace bari in zauna in rubuta abin da na sani gaba ɗaya, mai buƙata ya ɗauka.

Kafin ka tambayi sunan ƙarfe akwai abubuwan da ya kamata ka fara amsa wa kanka. Me zaka riƙa yankawa da ita, da me zaka wasa ta in ta dakushe, sannan a ina zata riƙa kwana. Wallahi in ka amsa waɗannan tsakani da Allah rabin rigimar da ake yi ta ƙare, don yawancin masu gardamar tsohon ƙarfe da sabon ƙarfe kowa aikinsa yake kallo yana zaton aikin kowa kenan.

Bari mu fara da abin da ke cikin ƙarfen kansa, a taƙaice. Ƙarfen wuƙa baƙin ƙarfe ne da aka sa wa kabon kaɗan, galibi daga rabin kashi ɗaya cikin 100 zuwa kashi ɗaya da ɗan wani abu, wannan kabon ɗin shine yake sa in an gasa shi ya yi ja an tsoma a mai ko ruwa ya yi tauri. In aka ƙara masa kuromiyam ya kai wajen kashi 11 zuwa sama sai ya daina saurin tsatsa, shine sitenles wanda mutanenmu ke ce wa silba. In kuma aka zuba wasu sinadarai irin su banadiyam sai su haɗu da kabon su zama wasu ƙananan ƙwayoyi masu bala'in tauri a cikin ƙarfen, kabayid ake ce musu. Ka ɗauka kamar kankare ne, akwai siminti akwai tsakuwa. Tsakuwar ita ke hana daɓe sudewa da wuri, amma in ta yi yawa ko ta yi manya to gefen daɓen nan ne yake fara ɓantarewa. Haka bakin wuƙa yake. Ƙwayoyin nan su ke sa kaifi ya daɗe, su ne kuma suke sa bakin ya yi giɓi in ya daki ƙashi, kuma su ne suke ba ka wahala ranar washi. Shi yasa babu ƙarfen da ya haɗa komai, in ya ƙaru ta wajen riƙe kaifi sai ya ragu ta wajen jure duka ko sauƙin washi, masu haɗa ƙarfe duk aikinsu kenan, neman inda za'a tsaya a tsakiya.

Masu son tsohon ƙarfe ba jahilci ke sa su ba, wannan ina so a gane. Na tuna Baba in an kayar da sa, wuƙa biyu ce a hannunsa baƙaƙe wuluk duk sun side sun zama sirara saboda shekarun washi, zai goga wannan a jikin waccan shak shak shak sau huɗu ko biyar, ya ɗan taɓa bakin da babban yatsa ya sunkuya ya cigaba da fiɗa, bayan ɗan lokaci ya sake gogawa, in abin ya ƙi sai ya juya ga dutsen da ke gefen kututture ya yayyafa ruwa, minti ɗaya ba ta cika ba ta dawo. Ranar da na kawo masa wata mai naɗewa da na saya da tsada ina ta yi masa bayani wai wannan sai ta yi wata ba'a wasa ta ba, ya karɓa ya juya ta ya ɗan goga a dutsensa ya ga dutsen ko kama ta baya yi, sai ya miƙo min yace, kai yaro, to ranar da ta dakushe ana tsakiyar aiki wa zai jira ta? Nace Baba ai akwai dutsenta na musamman. Yace to ka ajiye ta kusa da dutsen nata. Maganar nan tasa ita ce har yau nake auna kowane ƙarfe da ita.

Irin waɗannan wuƙaƙe yawanci daga sifirin mota maƙera ke fitar da su, wanda ake samu a Ladipo ko wajen masu gwangwan a Owode Onirin. Sifirin da yawa 5160 ne ko danginsa, kabon wajen kashi 0.6, baya riƙe kaifi can can amma wajen jure duka ba'a magana, shi yasa ya dace da adda da babbar wuƙa. Akwai masu amfani da tsohon boris, shi kuma galibi 52100 ne, kabon wajen kashi 1 da kuromiyam kashi 1.5, yana yin kaifi mai laushi kamar aska. Akwai tsohon magagari. A wuƙaƙen kamfani kuma zaka ga 1095, lambar nan 95 tana nufin kabon kashi 0.95 ne, ko Opinel ta Faransa da Mora ta Suwidin masu baƙin ƙarfe, ko Okapi da iyayenmu suka sani. Har a Japan inda ake ji da su wajen wuƙar kicin, manyan masu dafa abinci da yawa har gobe Shirogami da Aogami suke nema, kuma duk baƙin ƙarfe ne mai tsatsa. Kaga kenan ba talauci ne kawai ke riƙe mutane a nan ba, kaifin da baƙin ƙarfe ke ɗauka cikin sauƙi a kan dutse na banza shi ake bi.

Sai dai fa nan Legas ce ba Kano ba. A arewa zaka iya jefa wuƙa a lungu tun daga kaka har bazara ka ɗauko ta lafiya lau, a nan kuwa iskar kanta jiƙaƙƙiya ce, ga gishirin teku in kana wajen Apapa ko Ajah ko Obalende, ga damina mai tsawo. Wata shekara na wanke wata wuƙar boris da nake ji da ita na goge sama sama na maida cikin kubenta na fata na sa a durowa, watan Yuni ne ana ta ruwa, bayan sati biyu da na zaro sai na ga jan tsatsa tun daga tsini har ƙota, da na kankare kuma ga ƙananan ramuka a bakin, sai da na cinye ƙarfe mai yawa a dutse kafin na wuce su. Abin ya min ciwo sosai don maƙerin da ya yi min ita ya koma gida. Fata tana riƙe danshi, kuma abin da ake jeme ta da shi yana cin ƙarfe, kube na tafiya ne ba na ajiya ba.

Tsakanin baƙin ƙarfe da masu tsadar nan akwai wani aji da masu gardama ke tsallakewa, alhali shi ya fi dacewa da yawancin mutane, wato sitenles na talaka. Tun 1913 Harry Brearley ya fito da sitenles a Sheffield ta Ingila, ba sabon abu bane. Wuƙaƙen kicin na Jamus irin su Wüsthof zaka ga an rubuta X50CrMoV15, ma'ana kabon kashi 0.5 kuromiyam kashi 15, ana barinsu da ɗan laushi wajen 56 zuwa 58 a ma'aunin tauri na Rockwell, shi yasa bakinsu lanƙwashewa yake yi maimakon ɓallewa kuma dutse kowane iri yana cinsu. Wuƙaƙen kamfanin Victorinox ma kusan nan suke. Wanda ni na fi so a ajin nan 14C28N ne na Suwidin da ɗan'uwansa AEB-L wanda asali don reza aka yi shi, ƙwayoyinsu ƙanana ne ƙwarai, suna wasuwa kusan kamar baƙin ƙarfe kuma ba ruwansu da danshin Legas. Na Chana 8Cr13MoV shima ba laifi in kamfanin kirki ne ya yi. Amma 3Cr13 da waɗanda aka rubuta wa sitenles kawai ba lamba, waɗannan na yankan albasa da alayyahu ne, kar ka sa rai da yawa.

Toh sai manyan, waɗanda ake ta cika baki da su. Bambancinsu daga yadda ake yinsu ne. Ƙarfe na gargajiya narkawa ake yi a zuba a babban mazubi ya huce a hankali, in sinadaran sun yi yawa sai ƙwayoyin nan su taru su yi manya manya, misali D2, wanda tsohon ƙarfen masana'anta ne mai kabon kashi 1.5 da kuromiyam kashi 12, yana riƙe kaifi amma tsakuwarsa manya ce kuma ba cikakken sitenles bane, yana tsatsa in ka yi sake. Su kuwa sababbin, narkakken ƙarfen ake fesawa da iskar gas ya zama gari, kowace ƙwayar gari ta daskare nan take kafin komai ya taru, sannan a zuba garin a matse shi da zafi da ƙarfi har ya koma dunƙule ɗaya. Sai ka samu tsakuwa mai yawa amma ƙanana kamar yashi kuma ta bazu daidai ko'ina. Kamfanin Crucible na Amurka shi ya yi suna a wannan, su ne suka fito da sunan nan CPM da ake gani a jikin irin wannan ƙarfe, a 2001 suka fitar da S30V tare da mai ƙera wuƙa Chris Reeve, banadiyam kashi 4 kuromiyam kashi 14, daga baya a 2009 aka yi S35VN. M390 na kamfanin Böhler ne a Ostiriya, kabon kashi 1.9 kuromiyam kashi 20. Sai MagnaCut da wani masanin ƙarfe Larrin Thomas ya tsara aka fitar a 2021, shi dabarar da ya yi ya rage kuromiyam zuwa kashi 10.7 ya daidaita kabon yadda kuromiyam ɗin bazai tafi cikin ƙwayoyi ba zai tsaya yana tsare ƙarfen daga tsatsa, sai ga shi ƙaramin adadi amma ya fi masu kashi 14 da yawa ƙin tsatsa, kuma yana jure duka fiye da S30V da M390. Gaskiya in dai a takarda ne da gwaji, wannan ƙarfen ya yi, ba talla bane kawai.

Kuma na gani da idona. Wata mai S30V da nake da ita na yi makonni ina yanka kwali da igiyar leda da buhu a shago bata nuna gajiya ba, abin da ta maƙeri zata buƙaci dutse kullum. Duk mai cewa ƙarya ne bai gwada ta ƙwarai ba. Matsalar tana zuwa ne ranar da ta dakushe. Ƙwayar banadiyam ta fi dutsen washi na kasuwa tauri, kana gogawa dutsen yana cin simintin yana barin tsakuwar, ka yi rabin awa kana zufa kaifin bai zo yadda kake so ba. Ni a lokacin ban da dutsen daimon, sai na kai wa wani mai injin washi a kasuwa, kafin in ce a hankali ya danna ta a kan dutsen injin tartsatsi na tashi, ya miƙo min bakin ya canza launi ya yi shuɗi shuɗi wajen tsini kuma ya cinye kusan faɗin ashana. Ba mugunta ya yi ba, haka yake wa adda da almakashi duk rana. Amma zafin nan ya kashe taurin bakin, daga ranar ko ta yi kaifi baya kwana, sai da na samu daimon na cire duk inda ya ƙone da hannu. Don haka in zaka sayi irin wannan, wadda yawanci ta kamfanin kirki tana haura dala 100 tun kafin kuɗin kawowa, to ka sa kuɗin dutsen daimon a lissafi tun farko, in ba haka ba ka bari.

Wani abu kuma da ya fi sunan ƙarfe muhimmanci, ban ruwa da kaurin baki. Ban ruwa wato yadda aka gasa ƙarfen aka tsoma aka sake ɗumama shi. 1095 da aka yi wa ban ruwa mai kyau ya fi M390 da aka yi wa na ganganci, nesa ba kusa ba. Kaurin baki kuma, ɗauki wuƙar Kiwi ta Tailan ɗin nan mai araha da matanmu ke amfani da ita, ƙarfenta laushi gare shi amma saboda siririya ce kamar takarda tana ratsa tumatir da albasa fiye da wata mai tsada mai kaurin baki kamar gatari. Ba girin-girin ba dai ta yi mai. In ka riƙe wuƙa ka matsa yatsu biyu daga gadon bayanta ka gangaro zuwa baki, in har dab da kaifin kana jin kauri to zata riƙa tsaga abu ne ba yanka ba, ko da wane ƙarfe aka yi ta.

Yanzu ga yadda ni nake ba mutane shawara. In kai mahauci ne ko mai tsire, wuƙa tana hannunka daga safe zuwa dare kana gogewa kana wasawa, kitse ma yana shafe ta, baƙin ƙarfe ya ishe ka ko sitenles mai laushi irin na Victorinox da Tramontina, kar ka kai kuɗinka wajen sababbin nan da ake yi da garin ƙarfe. Mai tsire dake fere nama siriri, ko mai kilishi da yake buɗe tsoka ta zama kamar mayafi, abin da yake buƙata kaifi ne mai laushi da zai sabunta duk bayan mintuna, boris ko 1095 sun fi masa. Ƙashi kuwa da ƙafar sa da kai, wannan aikin adda da gatari ne na sifirin, duk wuƙar da taurinta ya haura 60 a ma'aunin Rockwell ka sara ƙashi da ita zaka ga giɓi. Haka kaza da talotalo da kifin da suka fito daga firiza suna ƙanƙara, su ma sun ɓalle bakin wuƙaƙe masu tsada ba adadi, ka bari su saki tukuna.

In kuma kayan marmari kake sayarwa, lemo, abarba, kankana, ko kana cikin masu tumatir da albasa a Mile 12, sitenles kawai. Baƙin ƙarfe yana baƙanta abarba da albasa ya bar musu ƙarnin ƙarfe, mai saye zai gani. Uwargida a kicin ma haka, in dai wuƙa zata kwana a sinki ko yara zasu wanke su kife ba gogewa, a saya mata sitenles siririya a haɗa mata da ƙaramin dutse, an gama. Masu aikin kifi da ruwan gishiri su ma sitenles, kuma su riƙa ɗaurayewa da ruwan daɗi don gishiri yana huda har sitenles ɗin. Wanda sabon ƙarfen nan da ake yi da garin ƙarfe ya dace da shi shine mai yanka abubuwan da ke cin kaifi, kwali, igiya, kafet, roba, buhu, irin masu sito da masu ɗaurin kaya a Apapa, wanda bashi da lokacin tsayawa washi da rana amma zai iya zama ranar Lahadi ya yi a nutse. Sai kuma mai sha'awa kawai irina, wannan ba laifi bane, kowa da kiwon da ya karɓe shi, in dai ka san sha'awa ce ka saya ba dole ba. Abu ɗaya dai, wuƙa ta zauna a wajen aiki ko a gida, kar ka riƙa yawo da ita a aljihu cikin danfo, in aka tare ku bincike bayanin zai yi maka tsawo.

In wajen maƙeri zaka, kar ka ce masa kawai yi min wuƙa mai kyau. Tambaye shi da wane ƙarfe, in zaka iya ma kai masa da kanka. Ka guji rodin gini, ba'a san adadin kabon ɗinsa ba kuma yawanci baya ɗaukar tauri sosai. Sifirin da ya karye a mota a duba shi da kyau don yakan ɓoye tsaga a ciki. Magagari ma wasu na yanzu samansu ne kawai mai tauri cikin laushi ne. Ka roƙe shi ya tsoma a mai ba ruwa ba, sifirin da boris suna tsagewa a ruwa, kuma man gyaɗa mai ɗumi ya fi baƙin man inji tunda abinci za'a yanka, hayaƙinsa ma ba kyau. Bayan tsomawa dole a sake ɗumama ta a hankali har farin ƙarfen ya ɗauki launin zuma, wajen digiri 200 kenan, in aka tsallake wannan zata fashe kamar kwalba, in kuma aka zarce har ta yi shuɗi ta yi laushi da yawa ga wuƙar yanka, sai dai adda. Kafin ka biya ɗauki magagari ka ɗan goga a bakin, in yana zamewa yana ƙara kamar a kan gilashi ta yi tauri, in ya kama yana ci kamar ƙusa a sake mata.

A kasuwa ko intanet kuma sai ka buɗe ido. Rubutu a jikin wuƙa ba shaida bane, injin leza ko me aka ce ya rubuta zai rubuta. In ka ga M390 ko S35VN a farashin da bai kai na takalmi ba, ka san ba shi bane, ɗanyen ƙarfen kaɗai ya fi haka. Masu zanen ruwa ruwa da ake ce wa Damaskas ma da yawa zane ne aka ɗora a sama, ko na gasken ma ado ne baya ƙara kaifi. Maganaɗisu bazai bambance maka baƙin ƙarfe da sitenles ba don duka yana kama su, amma in ka ga bai kama ba sam to irin ƙarfen cokali ne, baya ɗaukar tauri, ajiye musu. In kana son sanin baƙin ƙarfe ne, ɗiga ruwan lemon tsami ka bar shi mintuna kaɗan, zai bar tabo mai toka toka.

Washi kuwa hanyarsa ɗaya ce ko wane ƙarfe ne, dutsen ne ke bambanta. Samu maka, wato alƙalamin nan mai baƙar tawada, ka shafa baƙi a bakin wuƙar gefe biyu, ka jiƙa dutse, ka kwantar da ita ka ɗaga gadon bayan kaɗan, wajen digiri 15 kowane gefe ga ta nama da kicin, 20 ga ta aikin ƙarfi. Ka goga sau kaɗan ka duba, in baƙin ya goge har ƙarshen baki daidai kake, in ya rage a can ƙarshe ka ƙara ɗagawa. Ka tsaya a gefe ɗaya har sai ka shafa ɗaya gefen da yatsa daga sama zuwa ƙasa ka ji wani ɗan ƙaiƙayi siriri ya lanƙwaso tun daga gindi har tsini, wannan shine alamar ka iso, mutane da yawa anan suke gaggawa su juya tun bai fito ba shi yasa suke cewa wuƙar bata ji. Juya ka yi wa ɗaya gefen haka. Sannan ka koma dutse mai laushi kana sassauta hannu kana juyawa ɗaya bayan ɗaya, a ƙarshe ka ja ta da baya a kan tsohon bel na fata don cire ɗan ƙaiƙayin. Dutse mai fuska biyu, mai kaushi lamba 400 da mai laushi lamba 1000, ya wadatar ga baƙin ƙarfe da sitenles na talaka. Ga S30V da M390 da MagnaCut faranti mai daimon, kuma kar ka danna, nauyin hannu kawai, in ka danna daimon ɗin kake tumɓukewa. Gwaji kuma fatar tumatir nunanne, in ta shiga ba tare da ka matsa ba ta yi.

Ajiya a Legas, in baƙin ƙarfe ce, da ka gama ka wanke ka goge ta bushe ƙarau a take, ba anjima ba, ka shafa mai kaɗan. Wadda ake amfani da ita kullum man gyaɗa ko na kwakwa ya isa, amma wadda zata daɗe a ajiye man girki yana yin danƙo da wari, gara basilin, in ka tashi amfani ka wanke. Ka naɗe ta a takarda ko kwali, kuben a gefe daban. In ka ga ta fara yin toka toka ko baƙi baƙi kar ka kankare, wannan rigarta ce tana rage mata tsatsa, ja shine abokin gaba, shi kuma da ka gani ka bi shi da toka da soso ko sanfefa mai laushi tun bai yi rami ba. Sannan a daina yanka a kan tayil da faranti da tire, katako ko kututture, wannan kaɗai zai ninka kwanan kaifin kowace wuƙa.

Masu tambaya saboda layya, ku nemi doguwa wadda tsawon bakinta ya wuce faɗin wuyan dabbar sosai, siririya, marar giɓi ko ɗaya, ka bi bakin da farce a hankali in ya tsaya a wani wuri to akwai giɓi a koma dutse. Baƙin ƙarfe ko sitenles mai sauƙi duk sun yi, tsada bata da aiki a nan. Annabi SAW ya yi umarni a wasa wuƙa a hutar da abin yanka, malamai kuma sun hana wasawa a gaban dabbar, don haka a gama washi tun daren sallah a naɗe ta a ajiye. Ta yanka daban, ta fiɗa daban gajeriya mai ɗan lanƙwasa, adda kuma tana gefe don ƙashi, dutse da kofin ruwa kusa da mai fiɗa don gashin rago da ƙasar da ke jikin fata suna cin kaifi tun ba'a kai rabi ba.